Son aikina ne ya yi yawa? Amsa ga wata 'yar uwa

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata tara a wurin aikina, ni na kafa sashen da nake ciki tun muna mu biyu har muka kai mu goma sha huɗu. Ban taɓa cinye hutuna na shekara ba, ko tsakar dare aka kira ni ina ɗagawa. Wata uku da suka wuce aka kawo sabon oga, ya haɗe sashenmu da wani, aka ɗora wani a kaina, ko shawara ba a yi da ni ba. Albashina bai ragu ba amma wallahi ji nake kamar mutuwa aka yi min. Ba na barci, a mota nake kuka kafin in shiga ofis, maigidana kuma sai ya ce ai aiki ne kawai. Laifi ne mutum ya so aikinsa haka? In ajiye ne ko in daure?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo miki sauƙi. In na fahimce ki da kyau, kina tambaya ne ko akwai wata matsala a tare da ke tunda kuɗinki bai ragu ba amma kina jin zafin da ya fi na wanda aka rage wa albashi, sannan kina son sanin ko ki tafi ko ki zauna. Aikina ba ma'aikata shawara ne a kan damuwar wurin aiki, kuma irin labarinki na daga cikin waɗanda suka fi zuwa gabana, abin da ke ba ni tausayi ma shi ne kusan kullum mutanen kirki ne ke kawo shi, masu ƙwazo, waɗanda in da za a tambayi abokan aikinsu wa ke riƙe da wurin nan sunansu za a fara faɗa.

Bari in fara da maganar maigidanki, don na san ita ma tana miki ciwo. Niyyarsa mai kyau ce, so yake ya rage miki nauyi, amma maganar ba ta cika ba. A farkon shekarun 1930 wata masaniya mai suna Marie Jahoda da abokan aikinta sun je wani ƙauye a Austiriya da ake kira Marienthal, inda masaƙar da kusan duk garin ya dogara da ita ta rufe. Sun tarar mutanen ba kuɗi kaɗai suka rasa ba, lokaci ma ya rikice musu, mazan sai yawo a hankali ba inda za su, hatta karatun littafi da shiga harkokin ƙungiya sun ragu alhali yanzu ne suke da lokacin. Daga baya Jahoda ta yi bayanin cewa aiki yana ba mutum tsarin yini, da mutanen da zai yi hulɗa da su, da matsayi a idon jama'a, da jin cewa yana cikin wani abu da ya fi shi girma. Toh kinga ke an bar miki albashi amma an taɓa matsayin, an taɓa jin nan na cewa wannan abin nawa ne. Don haka kukan da kike yi yana da dalili, rashi kika yi, kuma wanda ya yi rashi dole ya ji zafi.

Inda son ya zama haɗari

Son aiki ba laifi ba ne sam, wanda ke son aikinsa ya fi iya shi, ya fi jin daɗin rayuwa ma. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Robert Vallerand, da shi da abokan bincikensa sun raba son abu gida biyu a 2003, kuma ni rabon nan yana min amfani sosai in ina zaune da mutum. Akwai son da kai ke riƙe da shi, kana yin aikin da zuciya ɗaya amma in lokacin tashi ya yi za ka iya ajiyewa ka koma ga sauran rayuwarka. Akwai kuma son da shi ke riƙe da kai, in ba ka yi ba sai ka ji kamar ka yi laifi, in an yaba maka ranar ka zama mutum, in an kushe aikin sai ka ji kai ɗin ne gaba ɗaya aka kushe. A ido duk ɗaya ne, duka biyun suna zuwa da wuri su tashi a makare, sai ranar da abu ya lalace ake gane bambancinsu.

Jimlar da ta tsaya min a saƙonki ita ce ba ki taɓa cinye hutunki ba a shekara tara. Ina so ki tambayi kanki tsakaninki da Allah, hana ki aka yi ko ke ce ba kya iya tafiya? Da yawan waɗanda nake yi wa wannan tambayar sai su yi shiru, can sai su ce ai in na tafi komai zai tsaya. In muka tona kuma sai mu tarar akwai wani tsoron a ƙarƙashin wannan, tsoron kada su tafi komai ya tafi daidai ba tare da su ba. Wannan tsoron shi ne alamar cewa darajar mutum a wurin kansa ta koma hannun ofis.

Kuma yawanci abubuwa uku ne mutum ke cakuɗawa ya kira su aikina. Akwai sana'ar kanta, wato abin da kika iya, wannan naki ne har abada, babu ogan da zai zo ya haɗe shi da wani sashe. Akwai mutanen da kike aiki da su, su kam in kin so su za su iya son ki, wasu ma zumuncin zai wuce ofis ya zama na rayuwa. Sai kuma ma'aikatar, kamfani ne ko hukuma ko ƙungiya, ita wannan tsari ce, tana da kasafin kuɗi da shugabanni masu zuwa su tafi, ba ta da zuciyar da za ta tuna daren da kika kwana kina haɗa rahoto. Mutumin da ya ga wahalarki a shekarun farko yana iya yiwuwa ya bar wurin tuntuni, sabon ogan takarda ya tarar. Ke kin yi gini ne mai kyau a filin aro, ginin naki ne ta fuskar gumi, amma takardar filin ba ta taɓa zama da sunanki ba.

Masana harkar ma'aikata sun daɗe suna magana a kan wannan, Denise Rousseau ta yi rubutu a kai tun 1989, cewa bayan kwantiragin da aka sa wa hannu akwai wani alkawarin da ma'aikaci ke ɗauka a ransa, na cewa in na ba ku komai za ku riƙe ni da mutunci, ba za a yanke hukunci a kaina ba a bayan idona. Matsalar ita ce ɓangare ɗaya ne kawai ya san da wannan alkawarin. Shi ya sa in aka karya shi mutum ke jin an ci amanarsa, su kuma can sama suna mamaki me aka yi mata, ai ba a taɓa albashinta ba. A watan Janairun 2023 kamfanin Google ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 12,000, da yawansu ta imel suka sani, akwai waɗanda sun haura shekara goma a wurin. Ba wai na kawo shi don kamfanin ya fi wasu mugunta ba ne, na kawo shi ne don wuri ne da aka san shi da kula da ma'aikata, amma da lissafi ya canza aka bi lissafin.

Abin da yake ci a jikin mutum

Na farkon da ke biyan kuɗin wannan son shi ne jiki. A 1974 wani likitan halayya a birnin New York, Herbert Freudenberger, wanda ke aikin sa kai a wani asibitin kyauta, ya rubuta a kan yadda masu aikin wurin ke ƙonewa a tsaye, ƙarfi ya ƙare, haƙuri ya ƙare, kuma abin da ya lura da shi shi ne waɗanda suka fi sadaukarwa su ne abin ya fi kamawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan ƙonewar a kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin wani yanayi da damuwar aiki mai tsawo ke haifarwa, mai alamomi uku: gajiyar da barci ba ya gusar da ita, jin zuciya ta yi nesa da aikin ko ma ta tsane shi, da jin cewa ba ka tsinana komai. Ki lura da ta biyun, wanda ya fi kowa son aiki shi ne ke iya wayar gari ya fi kowa ƙinsa.

A 2021 kuma ita hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum kusan 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda dogon lokacin aiki. Wanda ke yin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Ki zauna ki lissafa awanninki na sati har da kiran dare da amsa saƙo a kan gado, mutane da yawa sai sun lissafa suke tsorata.

Sai abu na biyu da ba a son faɗa, mai son aiki yana da sauƙin a ci da guminsa. Wasu masu bincike biyu, Bunderson da Thompson, sun yi nazarin ma'aikatan gidajen namun daji a Amurka da Kanada, aka buga a 2009. Aiki ne mai wahala, ga ƙazanta ga ƙarancin albashi, amma da yawansu suna jin don shi aka halicce su. Waɗanda suka fi jin haka sun fi samun ma'ana a aikin, gaskiya ne, amma kuma su ne suka fi yarda su sadaukar da kuɗi da lokacinsu da jin daɗinsu, wato su ne hukumar wurin za ta fi iya ɗora wa kaya ba tare da sun yi magana ba. Haka nake gani a wurin malaman makaranta da nas-nas da ma'aikatan agaji. Ba lallai oga ya zauna ya ƙulla mugunta ba, kawai dai in aikin gaggawa ya taso ranar hutu ya san wa zai kira ba a ce masa a'a ba, tun ana godiya har a daina, ya zama haƙƙi.

Kuma son da ya wuce kima yana ɓata aikin kansa, wannan ne ya fi wahalar karɓa. Mutum sai ya kasa sakar wa na ƙasa da shi aiki don gani yake ba wanda zai yi kamarsa, gyara kaɗan a mitin sai ya kwana yana juya shi, in an kawo sabon tsari kafin ya duba ko yana da kyau ya riga ya tsane shi don ba nasa ba ne. Na zauna da wani bawan Allah da ya ga ana wasa da lissafin kuɗi a wurinsu ya yi shiru tsawon lokaci, ba don yana ci ba, don kawai ba ya son sunan wurin ya ɓaci, wurin ya zama kamar sunan gidansu. Da abin ya fashe har da shi aka tuhuma. Ban ce kin kai nan ba, amma hanyar ɗaya ce.

Gida kuma ragowa yake samu. Yara su saba da uwa ko uban da jikinsa na falo hankalinsa na waya, ƙawaye su gayyace ki sau ɗaya sau biyu su gaji su daina. Wata masaniya, Patricia Linville, ta kawo ra'ayin cewa wanda ke ganin kansa ta fuskoki da yawa, uwa ce, 'yar uwa ce, ɗaliba ce, maƙwabciya ce, ma'aikaciya ce, in ɓangare ɗaya ya girgiza sauran suna riƙe shi. Masana sun yi ta muhawara a kan ƙarfin hujjar, amma ni a zaman da nake da mutane abin da nake gani kenan, musamman waɗanda suka yi ritaya. Wanda bai da komai sai ofis, watannin farko na ritaya ba ƙaramin jigata shi suke ba, wayar da ke ƙara dare da rana ta yi tsit.

In ajiye ko in daure?

Kar ki yanke wannan hukuncin yanzu. Wanda ya yi wata uku ba ya barci ba ya ganin abu daidai, komai baƙi yake gani, kuma takardar ajiye aiki da aka rubuta don a nuna wa wani an ji haushi yawanci mai ita take cutarwa, ofis kam sati biyu sun sa wani a kujerar. Abin da zan so ki fara yi shi ne ki ga likita, ki faɗa masa maganar barcin da kukan ba tare da kin rage komai ba, a duba hawan jini ma. Rashin barci da kuka da rashin jin daɗin komai in sun wuce sati biyu a jere suna iya zama ciwon damuwa, shi kuma yana da magani, ta saƙo ba zan iya ce miki shi ne ko ba shi ba ne, sai an zauna da ke. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki ko sau ɗaya ne, don Allah yau ɗin nan ki faɗa wa wani na kusa ki nemi likita, kar ki jira.

Sannan ki ɗauki hutun nan da kike bin su, duka, ki miƙa aikin a rubuce ki kashe saƙonnin ofis. Kwanakin farko ba za ki ji daɗi ba, hannunki zai yi ta kai wa waya, za ki ji kamar kin yi laifi, wannan duk cikin abin ne, ki daure ya wuce. Binciken wata masaniya, Sabine Sonnentag, a Jamus ya nuna hutun da ke mayar wa mutum da ƙarfi shi ne wanda hankali ma ya bar aikin, zaman gida kana tunanin ofis ba hutu ba ne. Har ƙasar Faransa ta sa doka da ta fara aiki a 2017 wadda ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan haƙƙin kashe waya da imel bayan tashi, kinga matsalar ba taki ba ce ke kaɗai.

Bayan kin dawo sai ki nemi zama da sabon ogan. Kar ki je da tarihin shekara tara da hawaye, shi bai ga shekarun ba kuma ba zai ji su yadda kike ji ba. Ki je da tambayoyin da ke da amsa: mene ne aikina yanzu a rubuce, wane hukunci ne ke hannuna, wace hanya ce ta ƙarin girma daga nan kuma a wane lokaci. Amsar da zai bayar, da yadda zai bayar da ita, za su gaya miki abin da ya fi duk wani hasashe. A lokaci guda ki sabunta takardunki na neman aiki ko da ba ki da niyyar tafiya. Ina sa mutane su yi wannan ne don in suka zauna suka rubuta abin da suka iya, na kafa sashe daga mutum biyu zuwa goma sha huɗu, na horar da mutane, na tsara kaza, sai su ga ashe duk wannan yana tare da su, kuma akwai wuraren da ke nemansa. Mutumin da ya san yana da inda za shi ko zama ya yi zamansa daban ne.

In kin zaɓi zama, ki zauna da sabon sharaɗi tsakaninki da kanki. Ki yi aikinki da kyau a lokacin aiki don amana ce kuma albashi ake biyan ki, ban ce ki koma mai ha'inci ko mai zuwa ta zauna tana jiran agogo ba, wannan ma wani ciwon ne. Amma kiran dare sai in da gaske gobara ce, hutu a cinye shi, kuma ki samu abu ko ɗaya ne a sati wanda ba ruwansa da ofis, wanda ba kya ɗaga shi don mitin, karatu ne ko motsa jiki ko ziyarar 'yan uwa. In kuma tafiya kika zaɓa, ki tafi bayan kin samu wani wurin, kuma ki sani halin yana bin mutum. Na ga waɗanda suka bar wuri da ciwon zuciya suka je sabon wuri, don su nuna su waye sai suka ninka abin da suke yi a da, shekara biyu muka sake zama a kan magana ɗaya.

Zan faɗi iyakata a nan. Ɓangarenki kaɗai na ji, kuma duk abin da na faɗa a kan gyara alaƙarki da aiki bai wanke wanda ya yi miki ba daidai ba. Rashin shawara da wadda ta kafa sashe rashin iya shugabanci ne ko ta ina aka duba. In kina da dalilin zargin cewa an tsallake ki ne don ke mace ce ko don wani bambanci, ko an saɓa wa ƙa'idar ƙarin girma ta wurin, wannan magana ce ta haƙƙi, ki adana takardu da saƙonni, ki tuntuɓi ƙungiyar ma'aikatanku ko lauyan da ya san dokar ƙwadago ta ƙasarku. Na kuma san cewa a'a ga oga yana da sauƙi a baki, wanda mutane da yawa ke ci daga albashinsa ba zai iya yi kamar wanda ke da abin dogaro ba, shi ya sa nake cewa a fara da ƙarami, kiran dare ɗaya da ba a ɗaga ba, sai da safe a mayar cikin ladabi.

Maigidan naki kuma ki zaunar da shi ki faɗa masa abin da kike buƙata kai tsaye, cewa ba mafita kike nema a wurinsa ba yanzu, so kike ya saurare ki ya yarda kin yi rashi. Ki kuma ba shi dama ya faɗi nasa, don mai yiwuwa ne shi ma shekara taran nan akwai abin da ya daɗe yana haɗiyewa, in ya fara faɗa kar ki katse shi da kare kanki. In kin ga likitan kin kuma yi zaman da ogan, ki sake rubuto min abin da suka ce, daga nan za mu iya duba maganar tafiya ko zama da hujja a hannu. Allah ya ba ki lafiya ya zaɓa miki mafi alheri.